Wasiƙa daga Jidda kan injin tace ruwa

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara. Na ga hoton injin tace ruwan da kake so in aiko ta hannun masu dawowa daga Umara. Kafin in taɓa kuɗinka, bari in faɗa maka yadda sha'anin ruwa yake a nan, domin a ganina matsalar Jidda aka ƙera injin nan ya magance, kuma ba ita ce matsalar gidanmu a Gwammaja ba.

Ƙasar nan ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina. Mu da muka tashi muna jin sunan Tiga da Challawa da Tamburawa, sai mu ɗauka ko'ina haka ne. A nan ruwan famfo daga Bahar Maliya yake, wanda kowace lita ke ɗauke da gishiri kusan giram 40. A Shu'aiba, kudu da Jidda, akwai manyan masana'antu da ke cire gishirin su turo ruwan har Makka da Ɗa'if. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayan sun gama wahalar cire komai, sai su dawo su bi da ruwan ta cikin dutsen farar ƙasa don ya ɗebi kalsiyam. Dalili kuwa, ruwan da aka tatse shi ƙarƙaf yana cin bututu, kuma a baki salam yake, ka sha ka ji kamar ba ka sha ba.

Duk da wannan ɗawainiya, mutane da yawa ba sa shan na famfo. Ruwan yana kwana a tankin ƙasa, a tura shi tankin saman bene, ga zafin rana, ga wanda ba ya wanke tankinsa. To ko dai a sayi babbar gora mai lita 19 da mota ke kawowa ƙofar gida, ko a sa irin injin da ka gani a ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Namu na buɗe shi na duba tare da mai gyara, wani ɗan Bangaladash. Kwalba ta farko wani abu ne kamar auduga mai tare laka da tsatsa. Fara sol ake sa ta, a ciro ta ja kamar an tsoma ta a miyar manja. Biyu na gawayi ne, su ke ɗauke warin kulorin. Sai tantanin da shi ne ainihin injin, wanda ɗan famfon lantarki ke matsa ruwa ta cikinsa ya bar gishiri da ƙarafa a baya. Ta ƙarshe kuma cike take da tsakuwar kalsiyam da magnisiyam, ita ke mayar wa ruwan ɗanɗanonsa. Mai gyaran yana yawo da wani ɗan awo kamar biro, mai nuna yawan sinadaran da suka narke a ruwa. Ya tsoma shi a ruwan da ya fito daga tantani, lamba ta faɗi ƙasa sosai, ya tsoma a wanda ya bi ta tsakuwa, ta ɗan hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da narkakkun sinadaransa ba su kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, in ya haura 1,000 kuma sai a fara yamutsa fuska. Amma biron nan ba ya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Masu talla ba sa faɗin wannan.

Ga inda nake tsoro. Injin yana zubar da ruwa: irin na gida yakan watsar da lita uku ko fiye kafin ya ba ka lita ɗaya. A nan ba mai damuwa. A gida kuwa, inda ake sayen jarka a hannun 'yan garuwa, wa zai yarda a zubar da kashi uku cikin huɗu? Sannan yana son wuta mai tsayawa, kwalaben farko kuma duk wata shida ake sauya su. In ba a samu irinsu a Sabon Gari ba, injin ya zama kayan ado, ko ma ya zama gidan ƙwayoyin cuta, wanda ya fi rashinsa muni.

Ruwan burtsatsen Kano, in ba na zartsi ba ne, da sinadaransa yake fitowa daga ƙasa. Farin ɓawon da Hajiya ke kankarewa a gindin butar shayi, shi ne kalsiyam ɗin da mu a nan muke biyan riyal a mayar mana. Abin da ya fi damunmu a gida shi ne masai kusa da rijiya, da jarkar da ba a wankewa, da hannu a cikin randa. Waɗannan kuwa tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka, ko ɗigon kulorin, da randa mai murfi da moda ɗaya, sun isa. Alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta.

Inda injin zai yi rana shi ne gidan Anti a Sharaɗa, kusa da majemu, domin tafasawa ba ta cire ƙarfe irin kuromiyam. Idan an sa mata, lallai a haɗa da kwalbar tsakuwar. Kuma don Allah kada wani ya ce zai gyara ruwan da kanwa ko gishirin miya, balle ga Hajiya mai hawan jini. Yawancin kalsiyam ɗin da jiki ke buƙata ma daga abinci yake zuwa, nono da wake da zogale.

Don haka ka ɗebi ruwan burtsatsenmu a sabuwar gora, ka kai ɗakin gwaji. In ba ka san inda ake yi ba, ka tambaya a sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero. A duba ƙwayoyin cuta, da naitiret (sinadarin da kan shiga ruwa daga masai ko taki), da ƙarafa. Ka turo mini takardar ta WhatsApp. In ta nuna ana buƙatar injin, zan saya har da kwalaben canji na shekara biyu. In ba ta nuna ba, kuɗin ya tafi gyaran murfin tanki da ka ce ya fashe.

A gaida Hajiya, a ce mata Zamzam ɗinta na nan tafe.