Ofishin fassara a Jidda da ya warware mini gidajen Baker

Ina tattara tarihin Turawan da suka yi mulki a Sudan domin ɗalibaina, sai laƙabin Sir ya rikita ni, domin na ɗauka duk mai shi gadonsa ya yi. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin ofishin fassara da binciken takardu a Jidda, na wani dattijo mutumin garin Mai Wurno da ke Sudan, na ba shi sunaye biyu: Samuel Baker da Reginald Wingate.

Abin da ya fi burge ni shi ne Malam bai bar sunan zuriya ya ruɗe shi ba. Ya fara da bayanin sarautar baronet, mai tafiya da laƙabin Sir, wadda Sarki James na ɗaya ya ƙirƙiro a Ingila a 1611, mai son ta yana biyan fam 1,095, kuɗin riƙe soja 30 na shekara uku a Ailan, ɗa kuma yana gadonta daga uba. Sannan ya nuna mini cewa an naɗa gidaje dabam-dabam masu suna Baker, kuma da sunan wuri ake bambance su, kamar yadda muke cewa Sarkin Sudan na Wurno da Sarkin Sudan na Kwantagora. An naɗa gidan Sissinghurst a 1611, ya ƙare a 1661, na Loventor kuwa likitan Sarki George na uku aka bai wa a 1776. Samuel Baker da ya yi gwamnan lardin Ikwatoriya a kudancin Sudan ta lokacin bai riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba, domin nasa Sir ɗin lambar girma ce da aka ba shi a 1866, kuma ba a gadonta.

Wingate, Gwamna Janar na Sudan daga 1899 zuwa 1916, shi ne baronet na gaskiya. An naɗa shi a 1920, da sunan Dunbar da Bur Sudan jingine da sarautar, ɗansa Ronald ya gaje shi a 1953, ta kuma ƙare da rasuwar Ronald a 1978.

Inda aikin ya gaza shi ne an rubuta sunayen da haruffan Larabci kaɗai, har sai da na koma aka ƙara mini na boko kafin na iya bin sawunsu a intanet. Malam ya gyara bai karɓi ko riyal ɗaya ba, amma ina shawartar mai zuwa ya nemi rubutun biyu tun ranar farko.