Mai ido biyu ko teliskop: wanne za ka fara saya?

A 1997 kakata ta ja ni bayan gida bayan Magariba, ta nuna mini tauraro mai wutsiya, wanda daga baya na ji sunansa Hale-Bopp. Ita salati take ta yi, wai wani babba zai faɗi. Ni kuwa da kyar aka shigar da ni ɗaki. Tun daga ranar ban daina ɗaga kai sama ba.

In shawarata kake so, fara da madubin hangen nesa mai ido biyu, 10x50. Wato yana ƙara girman abu sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50. Wutsiyar tauraro doguwa ce, sai madubi mai faɗin gani ke ɗauke ta gaba ɗaya. Da shi na kalli wani tauraro mai wutsiya, Tsuchinshan-ATLAS, a Oktoban 2024, yarana na ta rigimar karɓa. Ka jingina gwiwar hannu a katanga, za ka ga ramukan wata, da Kaza da 'ya'yanta sun cika ido, har da watannin da ke zagaye duniyar Mushtari kamar ɗigon allura. Ka gama, ka rataya abinka a wuya.

Teliskop, wato madubin hangen taurari mai ido ɗaya, irin Dobsonian mai babban bututu, ya fi shi ƙarfi, shi ke nuna zoben duniyar Zuhal, amma ga tsada ga nauyi. Waya kuwa bar ta a aljihu.

Ga inda aka cuce ni. Na taɓa sayen ƙaramin teliskop mai "675x" ɓaro-ɓaro a jikin kwali, da hoton taurari kala-kala. Gilashinsa milimita 60 ne, ƙafafunsa kamar na zabuwa, iska kaɗan sai rawa. Ka ninka faɗin gilashi sau biyu, iyakar ƙarfinsa ke nan: 60 ba ya wuce 120. Sauran duk cika baki ne.

Masu ido biyun ma akwai jabu. Guji mai jan gilashi mai ƙyalli, da wanda aka rubuta wa 20-180x100. Kafin ka biya, riƙe shi nesa da fuska ka fuskanci haske: ɗigon hasken cikin kowane ido ya zama da'ira sosai. Sannan ka kalli wata eriya mai nisa. In ka ga biyu, ko kanka ya fara sarawa, ajiye wa mai sayarwa kayansa ko da ya rantse.

Kada ka kuskura ka kalli rana da shi, makanta ce. Kuma in dare ya yi hazo, kada ka zargi madubin, jira sama ta washe.