OCaml, Haskell, Elm ko Gleam: wanne za ka ba lokacinka?

Duk wanda null, wato alamar "babu komai" a rubutun manhaja, ya taɓa kayar masa da manhaja da tsakar dare ba ya bukatar wa'azi kan tsarin nau'in bayanai. Ni a wani aikin lissafin albashi abin ya same ni: gurbi ɗaya babu komai a ciki, na kwana ina laluben ɓarakar. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa a kowane yaren rubuta manhaja shi ne yadda yake yi da abin da babu.

Amsar OCaml ce ta kwanta mini. Daga cibiyar INRIA ta Faransa ya fito a 1996. Ba shi da null. Abin da ka iya ɓacewa cikin wani nau'i mai suna option ake sa shi, ko Some (akwai) ko None (babu), in ka manta da None kuwa kamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutunka zuwa yaren na'ura, zai ja maka kunne tun manhajar ba ta tashi ba. Da kansa yake gano nau'in kusan komai, ba sai ka rubuta ba. Tsaurinsa ya kai alamar + ta cikakkun lambobi ce kaɗai, masu ɗigo tasu daban. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Jane Street da shi yake aikinsa, da shi kuma aka rubuta kamfailan yaren Rust na farko.

Haskell ya fi shi zurfi, sai dai ɗabi'arsa ta jinkirta lissafi har sai an bukace shi kan ci ƙwaƙwalwar kwamfuta ba zato. Elm na shafukan intanet ne kawai. Gleam sai a Maris 2024 ya kai siga ta 1.0, da sauransa.

Amma a yi hattara da 'yan talla, har da na OCaml ɗin. Wanda ya ce maka "in ya wuce kamfaila, babu kuskure" ya zuƙa ta. Nemi abu na farko a jerin da babu komai da umarnin List.hd, ko ka raba cikakkiyar lamba da sifili, ka ga manhaja ta faɗi ana tsaka da aiki. Mantuwar None ma a asali gargaɗi ne kawai, kana iya yin kunnen uwar shegu da shi. Wasu kuma suna cakuɗa "ƙarfin" tsarin nau'i da "bincike kafin aiki": Python ba ya yarda a haɗa lamba da rubutu, amma sai yana gudu yake ƙi. TypeScript yana bincike da wuri, sai dai any guda ɗaya, wato nau'in da ke karɓar komai, ta isa ta buɗe ƙofa.

Wannan zuzutawar tana ci mini rai, domin ita ke korar sabon shiga ranar da ya fara cin karo da Not_found, kuskuren da OCaml ke jefawa in bai ga abin da aka nema ba.