Abin da kati ke ci a ƙasar waje: saƙo daga Beljiyam zuwa Tawa

Kawu, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida. Ka ce in duba maka yadda za ka riƙe kuɗinka a tafiyar sarin kaya zuwa Istanbul da Dubai, ko ka ɗauki tsaba, ko ka dogara da katin Visa da banki ya ba ka a Yamai. Na tsawaita amsar don a karanta wa maƙwabtanka na kasuwa, domin abin yana damuna. Mutanenmu na iya kwashe rabin yini suna ciniki a kan dala ashirin, amma na'ura ta zare musu jika goma ba su sani ba.

Abin da zan so kowa ya haddace shi ne wannan adadi: 655,957. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, kusan 656 ke nan, kuma haka yake tun 1999 da aka ɗaure sefa da yuro. Ba ya hawa, ba ya sauka. Ke nan idan ka sayi kayan yuro 100 da katinka, hakkinsu sefa 65.596 ne. In ka duba asusunka ka tarar an cire 68.000, to wannan rarar ta sefa 2.404 la'ada ce zalla, ko da wane suna aka lakaba mata. Mu masu sefa muna da wannan sa'ar, muna iya gane abin da aka ci mana da lissafin kai kawai. Maƙwabtanmu masu naira ba su da ita, kuɗinsu kullum a kan tafiya yake.

La'adar kati a ƙasar waje takan faɗo tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, wani bankin kuma ya ɗora wani tsayayyen kuɗi a kan kowace biya. A baki ba ta da yawa. Amma a kan kashi 3, ɗan kasuwar da ya yi sarin miliyan 5 ya bar jika 150 ke nan a hanya, tun kaya ba su hau mota ba.

Akwai tarkon da ya fi wannan ciwo, kuma na gan shi da idona a wani shagon atamfa da mayafai a unguwar Laleli ta Istanbul. Mai shago ya miƙo ƙaramar na'urar biya, na sa kati, sai rubutu ya fito layi biyu: na sama da lirar Turkiyya, na ƙasa da yuro, an riga an lissafa mini shi tsaf. Ido yakan tafi kan kuɗin da ya sani, yatsa ya bi shi. To a nan ne cutar take. In ka zaɓi kuɗin da ka saba da shi, kamfanin da ke bayan na'urar ne ya yi maka canji da farashin da ya ga dama, kuma ƙarinsa kan kai kashi 5 ko fiye, sannan bankinka bai fasa ɗaukar tasa la'adar ba. In ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta, Visa ko Mastercard ne ke canjin, da farashin da ke kusa da na kasuwa. Saboda haka a Istanbul lira, a Dubai dirhami, a Makka riyal. Ko yaron shago ya riga ka dannawa, kana da ikon cewa a soke a sake, kuma ka karɓi rasit ka duba. A nan Turai doka ta tilasta musu tun 2020 su rubuta kashi nawa suka ɗora a kan farashin Babban Bankin Turai. A sauran wurare, idonka ne mai gadinka.

Haka na'urar cirar kuɗi take yi, tambayar iri ɗaya ce. Ka guji waɗanda ke tsaye su kaɗai a filin jirgi da bakin otel, ka nemi wadda ke jikin banki. Kuma tun da akwai tsayayyen kuɗi a kan kowace cira, gara ka ciri mai kauri sau ɗaya da ka riƙa tsakura kullum.

Batun katin bashi da ka ji ana yabo: a nan kusan kowane mai albashi ana yi masa tayinsa. Banki ne ke biya, kai ka mayar a ƙarshen wata, in ka makara ruwa ya hau. In ka ciri tsaba da shi, akwai la'ada ta daban, kuma a bankuna da yawa ruwan ya fara lissafi tun ranar. Ni ban riƙe shi ba, ban kuma ba ka shawararsa ba, riba ce ƙarara. Katin da kuke da shi a gida, wanda kuɗinka ne ka zuba kake kashewa, ya fi kwanciyar rai.

Mu mazauna nan muna da katunan waya irin su Wise da Revolut, masu nuna maka farashin canji da la'ada kowanne daban kafin ka amince. Suna da sauƙi ƙwarai, sai dai suna neman takardun zama, don haka ba na mai shago a Tawa ba ne. Wani abin da nake yaba wa Turai shi ne, katin yuro na Beljiyam yana aiki a Faransa da Jamus da Italiya kamar a gida, doka ta hana a ƙara maka komai don ka tsallaka iyaka. Amma kada a ɗauka komai na nan ya fi namu. Tun da daɗewa mutum ke tura kuɗi daga Yamai ta Nita ko Amana, tsohuwa marar asusun banki ta karɓa a Tawa kafin shayi ya huce, alhali sai a 2025 dokar Turai ta tilasta wa bankuna turawar nan take ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kuma muna da katin GIM-UEMOA da ke aiki a ƙasashe takwas masu sefar BCEAO, ba canji ko kaɗan. 'Yan bidarmu na Abijan da masu zuwa Lome su riƙe shi. Masu zuwa Kamaru da Cadi kuwa su sani sefar can daban take, darajar ɗaya ce a takarda, amma ɗan canji sai ya gutsura.

In tsaba za ka ɗauka, ka yi canji sau ɗaya, kada ka mayar da sefa yuro, yuro dalar Amurka, dalar dirhami, kowane mataki akwai mai ci. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3,6725, riyal kuma a kan 3,75, saboda haka mai dala a hannu ya san abin da ya kamata a ƙirga masa. Canjin filin jirgi shi ne mafi tsada, a yi na kuɗin tasi kawai. Wanda kuma zai shigo Turai da yuro 10.000 ko fiye, dole ya bayyana wa kwastan.

Kafin ka tashi, Kawu, ka shiga bankinka ka nemi takardar farashinsu a rubuce. Ka tambaye su kashi nawa suke ɗauka a wajen ƙasashen sefa, nawa ne a kan kowace cira, mene ne iyakar abin da katin zai biya a rana da a mako, kuma ko an buɗe shi don aiki a waje. Ka sa yaro ya ɗauki hoton takardar ya turo mini ta WhatsApp, mu lissafa tare a kan kuɗin sarin, mu ga nawa za ka bari a kati, nawa za ka riƙe a hannu.