Mako uku ina aiki da MCP Inspector

Kawuna yana da shagon hatsi, ni kuma na ɗora wa kaina aikin haɗa littafin lissafinsa da ƙirƙirarriyar basira, don ya riƙa tambaya a waya ana ba shi amsa. Na rubuta 'yar ƙaramar uwar garke (server) bisa tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki na waje, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, OpenAI ma ya karɓe shi a Maris ɗin 2025. Kayan aiki huɗu na saka mata: na duba kaya, na ƙara kaya, na cire kaya, da na bashi.

Kwana biyu da farawa aka samu matsala. Kawu ya rubuta: "Masara nawa ta rage bayan buhu goman da aka ɗauka da safe?" Yaron shago ya riga ya cire goman nan a lissafi. Ɗan aiken namu na AI, maimakon ya duba kawai, sai ya sake cire wasu goma. Da yamma kawu ya kira ni, ya ce, "Kai, wannan abin naka ɓarawo ne ko me?" Na kwana ina zargin na'ura. Ashe laifin nawa ne.

Washegari na buɗe MCP Inspector, manhajar gwada uwar garken MCP. Kyauta ne, kuma idan akwai manhajar Node.js a kwamfutarka layi ɗaya na umarnin npx ya isa ya tashe shi, sai ya buɗe a burauza a tashar 6274. Ka haɗa shi da uwar garkenka, ka danna maɓalli, ya jero maka kayan aikin duka. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne yadda yake nuna su tsirara: suna, bayani, da guraben da za a cike. Iyakar abin da ɗan aiken ke gani ke nan. Bai san shagon ba, bai san kawu ba, bai taɓa ganin lambobin da na rubuta a ciki ba.

Da na karanta bayanin da na yi wa na cire kaya, kunya ta kama ni. Da Turanci na rubuta shi, ma'anarsa dai ita ce "yana aiki da adadin kaya". Shi ke nan. A bayanin na duba kaya kuma na ce "yana kawo kaya". Ko mutum aka miƙa wa waɗannan biyun, sai ya yi canki-canka. Gurbin adadi kuwa lamba kawai na ce a saka, ban faɗa ko buhu ake nufi ko kwano ba, alhali a shagon ana sayar da duka biyun.

Na zauna na sake rubutawa kamar ina yi wa sabon yaron shago bayani. Bayanin na cire kaya ya koma: yana rage kaya daga lissafi har abada, a kira shi ne kawai idan mai shago ya ce a rubuta sabon ciniki, idan tambaya ce a yi amfani da na dubawa. Na ƙara gurbin ma'auni mai zaɓi biyu, buhu ko kwano. Na kuma saka alamomin da tsarin ya tanada tun gyaran Maris ɗin 2025, wato readOnlyHint ga mai karantawa kawai da destructiveHint ga mai iya ɓarna, ko da yake tsarin kansa ya ce ishara ce, ba katanga ba.

Wani wurin da ya burge ni: kana iya cike guraben da hannunka ka ga ainihin amsar da ke dawowa. A nan na gano idan aka rubuta sunan hatsin da babu, uwar garken tawa lambar kuskure kawai take mayarwa. Yanzu tana cewa babu wannan sunan, ga waɗanda ake da su, ɗan aiken sai ya gyara da kansa.

Sai dai a san abin da aka ƙera shi don shi. Inspector zai tabbatar maka kayan aikin na aiki, amma ba ya ba bayaninka maki, hukuncin na wurinka. Don haka na kwafi bayanan huɗu na tura wa wani abokina da bai san shagon ba, da tambayoyi goma irin na kawu, na ce ya faɗa mini wanne zai kira a kowace. Ya ci tara. Wadda ta kayar da shi ta bashi ce, saboda ban fayyace ba ko bashin da ake bin kawu ne ko wanda yake bi. Ita nake gyarawa a daren nan.