Gyambon cikin baki da ƙurajen leɓe ba ciwo ɗaya ba ne

Ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce duk sanda ɗinkin Sallah ya taru miki a shago, barci ya yi ƙaranci, sai wani ɗan miki fari ya fito miki a cikin leɓe ko a gefen harshe, ya hana ki ci, ya hana ki magana, ya warke, bayan ƴan makonni ya dawo. Kin ce kuma wata maƙwabciya ta gaya miki irin ƙurajen nan ne da zazzaɓi ke fesowa a baki, har kin daina shan ruwa a kofi ɗaya da ƴaƴanki. Kina son sanin ko hakan ne, da maganin da ya dace.

Yadda kika kwatanta shi, ba shi ba ne. Ni ciwon nan naki na yi fama da shi tun ina jami'a a Harobanda, maigidana kuma ɗayan ne ke damunsa, don haka duka biyun na gan su kusa da kusa, shekara da shekaru. Mutane na haɗa su saboda duk a baki suke, kuma damuwa na tayar da kowannensu. Amma daga nan hanya ta rabu.

Ki ɗauki madubi da fitilar waya ki duba inda yake. Naki a ciki yake zama, a fata mai laushi: bayan leɓe, cikin kumatu, ƙarƙashin harshe ko gefensa. Zagayayye ne, tsakiyarsa fari-fari ko rawaya, gefensa ja kamar an zana da zare. Ba ya fara da bororo, miki ne tun farkonsa. Idan kin je farmasi ki ce aphte, sunansa ke nan da Faransanci, nan take za su gane. Na maigidana kuwa a waje yake, a bakin leɓe inda jan fata ya haɗu da fatar fuska, wani lokaci har ƙarƙashin hanci. Kwana guda kafin ya fito yakan ce wurin na masa ƙaiƙayi da tsikari. Washegari sai ka ga ƴan ƙananan ƙuraje masu ruwa sun taru waje ɗaya, su fashe, su yi ɓawo, su bushe cikin mako guda zuwa kwana 10. Wannan shi ne bouton de fièvre. Na ciki ba ya taɓa yin ɓawo, yawu ba zai bari ba.

Babban bambancin, wanda na fi so ki riƙe, shi ne yaɗuwa. Ƙurajen leɓe ƙwayar bairos ce ke kawo su, ana ce mata herpes nau'i na 1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biyu cikin uku na ƴan ƙasa da shekara 50 a duniya suna ɗauke da ita, galibi tun yarinta, da yawa ma ba su san suna da ita ba. Idan ta shiga jiki ba ta fita. Tana kwanciya a jijiyar fuska, sai jiki ya yi rauni ta farka ta biyo jijiyar zuwa leɓe. Shi ya sa a watan Agusta da Satumba, da zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, ake ganin baki ya fashe, har a ce ciwon ne ya fito. Rana mai ƙuna irin ta Afrilu tana tayar da ita, haka ma tsagewar leɓe a hunturu. Ruwan cikin ƙurajen nan cike yake da ƙwayar, ana ɗauka ta sumba, ko kofi, ko cokali, ko man leɓe.

Gyambon cikin baki ba ƙwayar cuta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa daga kowa. Garkuwar jikin mutum ce da kanta take ɓata ɗan wuri a fatar baki. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na yin sa, yana bin dangi, yakan fara tun ƙuruciya, ya riƙa raguwa idan shekaru sun ja. Saboda haka ki koma cin abinci kwano ɗaya da ƴaƴanki, ki rungume su. Wannan wariyar da kika yi wa kanki ita ta fi taɓa ni a saƙonki, kuma babu dalilinta ko kaɗan.

Wanda ya kamata ya yi taka-tsantsan shi ne mai ƙurajen leɓe, musamman kusa da jinjiri. Ranar suna ana miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, kowa na sumbatarsa. Ga babba wannan ƙwaya ƙurji ce ta mako guda, ga ɗan kwana bakwai tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa, har ta yi kisa. Lokacin da aka haifi autarmu maigida yana da su a leɓe, bai kai bakinsa kusa da ita ba sai da ɓawon ya faɗi gaba ɗaya, kuma sai ya wanke hannu da sabulu yake ɗaukarta. Kada a taɓa ƙurjin a kuma taɓa ido.

To, maganar damuwa. Ba tunaninki ba ne kawai, da gaske tana da hannu. Ni nakan san jarrabawa ta kusa daga bakina, kafin in duba kalanda. Idan mutum ya yi kwanaki cikin fargaba da gajeren barci, aikin garkuwar jikinsa na rikicewa. Sannan akwai abin da ba mu lura da shi: mai damuwa yana cizon kumatu da leɓe bai sani ba, yana cin abinci a gurguje, yana datse haƙora cikin barci. Ɗan rauni kaɗan ya isa ya zama gyambo ga mai irin jikinmu. Ke kuma tela ce. Ki lura da kanki gobe a kan keke, sau nawa kike riƙe allura ko fil a leɓe, sau nawa kike tsinke zare da haƙori. Ki rataya ɗan almakashi a wuya, ki ɗaura ɗan matashin soka allura a hannu. Haka ɓawon burodi mai tauri, da ƙayar kifi, da buroshi mai ƙarfi, da aswakin da ba a tauna bakinsa ya yi laushi ba, da haƙorin da ya karye ya bar kaifi.

Amma kada a ɗora wa damuwa komai a bar sauran. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da ƙarancin bitamin B12 da folik asid, suna cikin abubuwan da aka sani suna sa gyambon nan yawan dawowa, kuma mu mata masu al'ada da haihuwa da shayarwa mu ne a gaba wajen rasa su. Ni sai da aka yi mini awon jini aka ga ya yi ƙasa, na sha maganin ƙarin jini wata uku, sannan tazarar da ke tsakanin fitowarsa ta ƙaru sosai. Ki nemi a yi miki awon jinin da ake ce wa NFS, idan da hali a haɗa da feritin, wanda ke nuna ajiyar ƙarfen jiki. Hanta, nama, kifi, ƙwai, nono, wake da dambun zogale duk suna taimakawa. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage wa hanji tsotsar ƙarfe, gara a jinkirta shi awa guda ko biyu. Wasu matan kuma kwanakin da ke gab da al'ada yake fito musu. Ki riƙa rubuta ranar da ya fito a littafin awon ɗinkinki, bayan wata uku ko huɗu ke da kanki za ki ga abin da yake bi.

Wajen magani nan ne rikita su ke jawo asara. Na leɓe maganinsa man aciclovir, ana shafawa sau biyar a rana har kwana biyar, kuma sai an fara tun lokacin ƙaiƙayin nan na farko yake da amfani. Ko a hakan ɗan rage kwanakin yake yi, ba ya kashe ƙwayar. Wanda nasa ke yawan dawowa likita kan rubuta masa na haɗiya. Wannan man ba abin da zai yi wa gyambon baki, ba a ma sa shi a cikin baki. Shi kuma gyambon cikin baki, idan ya yi tsanani, man kortizon na baki likita ke rubutawa don ya kwantar da kumburin, kuma irin wannan man idan aka shafa shi shi kaɗai a kan ƙurajen herpes yana iya ƙara musu ƙarfi. Kin ga maganin wannan na iya zama cutar wancan.

Abin da ba ya yi wa ko ɗaya daga cikinsu aiki shi ne kafso. Amoksisilin da ire-irensa na bakteriya ne, nan kuwa ɗaya bairos ne, ɗayan ba ƙwaya ba ce sam. Mutum ya sha kwana biyar, gyambo ya warke don lokacinsa ya yi, a ce kafso ne. Kuma ina roƙonki kada ki ɗora ƙwayar asfirin a kan mikin. Wani mai tallan magani ya taɓa ba ni wannan shawara, na kwana da ita a kumatu. Da safe wurin ya yi fari fat, faɗin babban yatsa, fatar ta saɓule, ciwon mako guda ya koma na kusan uku. Asid ce, ƙona nama take yi. Kanwa da toka da turare su ma ƙuna suke ƙarawa.

Ga abin da nake yi idan na ji ya fara. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, in kurkure in tofar, sau uku ko huɗu a rana. Yana da zafi na ɗan lokaci, amma yana tsabtace wurin. Bayan nan in ɗiga zuma tsantsa da tsinken auduga. Zumar ba al'ada ce kawai ba, an gwada ta a Saudiyya, an wallafa sakamakon a 2014, aka ga tana rage zogi da girman mikin. Sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. Idan sun fito biyu ko uku a tare, sai in sayi ruwan kurkure baki mai chlorhexidine, irin su Eludril, safe da dare, ba fiye da mako guda ko biyu ba don yana dusashe farin haƙori. Kafin cin abinci, man kashe zogi mai lidocaine na ba mutum ƴan mintunan da zai ci a natse. Farasitamol ya isa ga raɗaɗin dare. Ki kuma juya kwalin man goge bakinki ki karanta: idan akwai sodium lauryl sulfate, sinadarin da ke sa kumfa, ki gwada wanda babu shi na wata biyu, wasu sun ga sauƙi da wannan kaɗai.

Tun da naki a goman ƙarshe na azumi ya fi matsa miki, ki duba abin buɗa baki. Baki ya wuni a bushe, sai a fara masa da zoɓo, lemun tsami, citta da kunun tsamiya, a bi da kilishi mai yaji. Duk waɗannan wuta ne a kan miki. A kwanakin ki fara da ruwa mai sanyi da dabino, ki bi da fura da nonon da bai yi tsami ba, ko kunun gyaɗa da ya huce. Magungunan shafawa ki sa bayan an sha ruwa, da kafin kwanciya, da bayan sahur kafin alfijir. Kuma ki yanke ranar rufe karɓar ɗinki tun tsakiyar wata, ki faɗa wa masu kawo kaya a fili. Na san kuɗin shekara a nan yake, ba ƙaramar magana ba ce, amma kaya biyar na ƙarshe su ne ke cinye barcin dare goma.

Irin gyambon bakin da aka fi yi, wajen kashi 80 cikin 100, bai kai santimita ɗaya ba, kuma yana warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tabo. Idan miki ya wuce mako uku bai rufe ba, ko ya fi santimita ɗaya, ko ya yi tauri a gefe alhali ba ya zafi, musamman ga mai shan taba ko tauna ta, wannan na likita ne, don sankarar baki tana iya farawa haka. Haka idan yana zuwa da zazzaɓi, rama, gudawa mai daɗewa, jan ido, ko irin mikin a al'aura. Akwai ciwon Behçet, mai sunan likitan Turkiyya da ya bayyana shi a 1937, akwai cututtukan hanji, akwai ƙanjamau, duk suna iya fara nuna kansu a baki. Yaro ƙarami mai tamowa kuwa, idan dasashinsa na jini, bakin na wari, kumatu ya fara kumbura, a kai shi asibiti a ranar, don ciwon noma cikin kwanaki yake cin fuska.

Ki fara da asibitin unguwarku, ki je ranar da mikin ke nan don a gan shi da ido. Idan ya warke kafin ki samu zuwa, ki ɗauki hotonsa da waya ki nuna. In sun ga da buƙata za su tura ki ɓangaren haƙori da baki na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko na Lamorde. Ki tafi da littafin nan da kika rubuta ranakun a ciki.