Allura ko Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe?

Mai fama da atishawa da ƙaiƙayin ido saboda garin furen ciyawa yana da hanya biyu ta sabar wa jikinsa da garin. Allura, wadda aka fara a Landan a 1911, sai a asibiti ake yinta, kuma dole a zauna minti 30 bayanta, domin wani lokaci takan tayar da jiki sosai. Ƙwayar kuwa a gida ake sa ta ƙarƙashin harshe kullum, galibi ƙaiƙayin baki kawai take kawowa. Ni na fi karkata gare ta, in mutum ba mai mantuwa ba ne.

Dukkansu sai an jure shekara 3 kafin amfanin ya ɗore bayan an daina. In ciwon ya dawo, likita yakan sake zagayen.